Labarin Likita Banting Da Ciwon Sukari

Da yawa cikin masu karatu sun san wani, ko a gida ko a unguwa, wanda ciwon sukari ya kama, wataƙila ma sun ga yadda ya ke soka wa kansa allura kowace safiya kafin ya karya kumallo. Ruwan da ke cikin allurar nan sunansa insulin. A wannan wata za mu ba da labarin mutumin da ya jawo aka same shi, watau Likita Frederick Banting na ƙasar Kanada. Ba shi kaɗai ya yi aikin ba, kamar yadda za mu gani nan gaba, cikin abokan aikinsa kuwa akwai waɗanda suka fi shi ilmi nesa. Amma shi ne ya kama maganar ya ƙi saki.

Kafin mu shiga labarinsa ya kamata mu san ciwon tukuna. Abincin da mu ke ci, ko tuwo ne ko shinkafa ko doya, in ya sauka ciki sai ya narke, mafi yawansa ya zama wani irin sukari, ya shiga jini. Jini kuwa shi ke zaga jiki da shi, gama sukarin nan shi ne itacen da wutar jiki ke ci. To, amma ba ya iya barin jini ya shiga nama don kansa, sai da ɗan dako. A bayan tumbi akwai wani nama mai tsawon wajen inci shida, likitoci suna ce da shi fankiriyas. Aikinsa biyu ne. Yana yin ruwa mai narkar da abinci, ya zuba shi cikin hanji ta wani ɗan bututu. Sa'an nan a warwatse cikinsa akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa kamar tsibirai cikin tafki, su ne ke yin insulin, su zuba shi cikin jini. Insulin shi ne ɗan dakon. In babu shi, ga kasuwa cike da hatsi, amma mutanen gida suna kwana da yunwa.

Sa'ad da sukari ya taru cikin jini ya rasa wurin zuwa, sai ƙoda ta riƙa zubar da shi cikin fitsari, yana jan ruwan jiki tare da shi. Shi ya sa mai ciwon ya kan yi ta fitsari dare da rana, ga ƙishirwa wadda randa guda ba ta kashewa, ga yunwa, yana ci yana ramewa. In abin ya yi nisa jiki ya kan koma yana ƙona kitsensa, wannan kuwa yana barin wata guba mai tsami cikin jini. Numfashi ya yi nauyi, bakin mutum ya riƙa wari kamar na 'ya'yan itace da suka fara ruɓa, daga nan sai dogon suma, sai mutuwa.

Ciwon daɗaɗɗe ne. Tun zamanin dā masu magani na ƙasar Indiya sun lura tururuwa tana taruwa inda mai ciwon ya yi fitsari. Amma ba wanda ya san tushensa. A 1869 wani ɗalibi a Berlin mai suna Paul Langerhans ya ga tsibiran nan da madubin likita, bai kuwa san aikinsu ba. A 1889 waɗansu likitoci biyu a Strasbourg, Minkowski da von Mering, suka cire wa wani kare fankiriyas, sai ga kare ya kamu da ciwon sukari. Daga nan aka san inda ɓarnar ta ke. Shekara talatin masana suna ta matse naman nan suna yi wa dabbobi allura da ruwansa, wani lokaci sukari ya sauka kaɗan, amma sai zazzaɓi da ƙurji su biyo baya, dole a bari.

Abin da likitoci ke da shi a lokacin nan guda ne, watau yunwa. Wani likita a Amurka, Frederick Allen, ya nuna in an hana mai ciwon abinci, aka bar shi da ɗan abin da zai riƙe rai, ya kan ƙara 'yan watanni ko shekara ɗaya ko biyu. Akan tafasa ganye sau uku, ana zubar da ruwan, kafin a ba yaro. Iyaye suna kallon 'ya'yansu suna komawa ƙashi da fata a gabansu, waɗansu yaran ma yunwar ce ta kashe su kafin ciwon. Kada mai karatu ya ga kamar Allen mugu ne. Abin da ya ke da shi ke nan, waɗansu kuwa daga cikin yaran da ya riƙe da yunwa su ne suka kai ranar da magani ya zo.

An haifi Banting ran 14 ga Nuwamba, 1891, a wata gona kusa da garin Alliston cikin lardin Ontario. Shi ne auta. Iyayensa manoma ne masu ibada, 'yan ekklesiyar Metodis. Yana yaro ba shi da yawan magana, ga kunya, karatu kuma bai zo masa da sauƙi ba, tun ba rubutu ba. Abin da gona ta koya masa shi ne jimiri da sabo da dabbobi, dukansu biyu kuwa sun yi masa rana daga baya. A 1910 ya shiga Jami'ar Toronto da nufin ya zama fasto, amma ya fāɗi jarrabawar shekarar farko. A 1912 ya koma wajen koyon likita, a nan ne ya sami abin da ya dace da hannunsa.

Da Babban Yaƙin Duniya na farko ya tashi a 1914 ya je ya shiga soja, aka ƙi shi har sau biyu saboda idonsa ba shi da ƙarfi, sai a 1915 aka karɓe shi. Aka gaggauta wa ajinsu karatu domin ana bukatar likitoci a bakin dāga, suka gama a Disamba 1916. A Satumba 1918, a yaƙin Cambrai cikin ƙasar Faransa, ɓarɓashin harsashin igwa ya same shi a hannun dama. Aka ce ya koma baya, shi kuwa ya tsaya yana ɗaure wa waɗansu raunukansu. Saboda wannan aka ba shi lambar jarumtaka a 1919.

Bayan yaƙi ya yi shekara guda yana koyon fiɗa a asibitin yara na Toronto, amma ba a riƙe shi ba. Sai ya ci bashi ya sayi gida a wani gari mai suna Landan, ba ta Ingila ba, wata ce a can Ontario, ya kafa allo a ƙofa a farkon Yuli 1920, ya zauna jiran marasa lafiya. Kwana 28 ba wanda ya leƙo. Abin da ya samu a watan nan duka dala 4 ne. Ga bashi, ga yarinyar da ya ke nema ta fara gajiya da jira. Don ya sami na abinci sai ya karɓi ɗan aikin koyarwa a makarantar likitoci ta garin.

Aikin nan ne ya haɗa shi da fankiriyas. Aka ce ya shirya wa ɗalibai darasi a kansa, shi kuwa saninsa a kan ciwon sukari kaɗan ne ƙwarai. Da dare ya karanta wani rubutu na Likita Moses Barron, wanda ya ba da labarin wani mutum da tsakuwa ta toshe masa bututun fankiriyas. Sashen da ke yin ruwan narkar da abinci ya shanye, amma tsibiran suna nan lafiya. Banting ya kwanta, barci ya ƙi zuwa. Wajen ƙarfe biyu na dare, ran 31 ga Oktoba, 1920, ya tashi ya rubuta 'yan layuka a littafinsa. Dabarar ita ce a ɗaure bututun a jikin kare, a jira sashen nan ya shanye, sa'an nan a tatsi ruwan tsibiran su kaɗai. A ganinsa ruwan narkar da abinci shi ke cinye maganin tun kafin a kai ga fitar da shi. Littafin yana nan har yau, an kuwa ga ko sunan ciwon bai rubuta shi daidai ba.

Aka ce masa ya je Toronto ya ga Farfesa John Macleod, mutumin Sikotilan, wanda duniya ta san shi a kan ilmin sukari cikin jiki. Macleod ya saurare shi, nan da nan ya gane saurayin nan bai karanta ko rabin abin da aka rubuta a kan maganar ba. Ya gaya masa manyan masana sun gwada sun kāsa. Banting ya tafi ya komo, ya sāke komowa. Daga bisani Macleod ya yarda ya ba shi ɗaki, da karnuka goma, da ɗalibi guda mai taimako na 'yan makonni. Ɗalibai biyu ne ke nan, suka jefa kwabo a ga wanda zai fara, ya fāɗa wa Charles Best, saurayi ɗan shekara 22 wanda ya iya auna sukari cikin jini.

Suka fara ran 17 ga Mayu, 1921. Macleod ya nuna musu yadda a ke fiɗar, ya ba su shawara, sa'an nan a watan Yuni ya tafi hutu ƙasarsu. Farkon abin ba daɗin ji. Ɗakin ƙarami ne, ga datti, ga zafin bazara, cikin mako biyu bakwai daga karnuka goma sun mutu. Suka riƙa sayen karnuka a titi, dala ɗaya zuwa uku kowane. Banting ba shi da albashi. Bayan sun jira makonni suka buɗe karnukan da suka ɗaure wa bututu, ashe zaren da suka yi ɗaurin da shi ya narke cikin jiki, fankiriyas yana nan garau. Sai suka sāke daga farko da zaren siliki.

Ran 30 ga Yuli suka cire fankiriyas ɗin da ya shanye, suka yanyanka shi, suka niƙa shi cikin ruwan gishiri mai sanyi, suka tace, suka yi wa wani kare mai ciwon sukari allura, kare mai lamba 410. Sukarin jininsa ya sauko daga 0.20 zuwa 0.12 cikin ɗari. Suka yi ta maimaitawa da waɗansu karnuka. Akwai wata karya mai lamba 92 wadda ta kwanta ba ta ko iya ɗaga kai, aka yi mata allura, ta tashi tana bin Banting cikin ɗaki tana kaɗa wutsiya. Da maganin ya ƙare ta mutu, Banting ya juya baya ya yi kuka. Mutane da yawa a lokacin sun zarge su saboda karnukan, zancen kuwa ba na banza ba ne, gama dabbobin sun sha wuya. Amma wata hanya ba ta samu ba a zamanin nan.

Ga wani abin mamaki. Dabarar da ta hana Banting barci ba ita ce ta kai su ba. Ɗaure bututu yana cin makonni, abin da a ke samu kuma ɗan kaɗan ne. Sai Banting, da ya ke ɗan manomi ne, ya tuna akan yanka shanu masu ciki, ya tafi mayanka ya karɓo fankiriyas na 'yan maruƙan da ba a haifa ba. Ya yi aiki. A watan Disamba suka gwada na babbar saniya, suka jiƙa shi cikin barasa mai ƙarfi maimakon ruwan gishiri, shi ma ya yi. Ashe tun farko ba a bukatar ɗaure kome. Gama ruwan narkar da abinci ba ya fara aiki sai ya isa hanji. Watau hanyar da ya ɗauka ba daidai ba ce, amma ta fitar da shi garin da ya nufa. Wata karya mai lamba 33, wadda suka sa wa suna Marjorie, ta yi kwana 70 da rai ba ta da fankiriyas, allura kaɗai ke riƙe da ita.

Saura mutum. Ruwan da suke yi har yanzu yana da dauɗa a ciki, sai Macleod ya kawo wani gwanin harhaɗa magunguna, James Collip, domin ya tsabtace shi. A Babban Asibitin Toronto kuwa akwai wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, nauyinsa laba 65, watau wajen kilo 30, gashinsa yana zuba, yana dab da suma. Ubansa ya yarda a gwada. Ran 11 ga Janairu, 1922, aka yi masa allura da ruwan da Banting da Best suka haɗa. Banting ba shi da iznin duba marasa lafiya a asibitin, sai a waje ya tsaya. Sukari ya sauka kaɗan, ƙurji ya fito inda aka soka, aka dakata. Collip ya duƙufa dare da rana yana ƙara ƙarfin barasa yana ragewa, har ya kai inda dauɗar ke rabuwa da maganin. Ran 23 ga Janairu aka sāke yi wa yaron da na Collip. Sukarin jininsa ya sauko daga 520 zuwa 120 bisa ma'aunin likitoci, gubar ta ɓace daga fitsarinsa, ya warware, ya fara neman abinci. Ya ƙara shekara 13 a duniya, ciwon huhu ne ya ɗauke shi a 1935.

Da ma a ce mutanen nan huɗu sun yi murna tare. Ina! Tun a ƙarshen Disamba, a wani taron masana a Amurka, Banting ya tashi yin bayani harshensa ya sarƙe, Macleod ya karɓi maganar ya amsa tambayoyi da kyau. Daga ran nan Banting ya sa a ransa Macleod yana so ya ƙwace masa aiki. Sa'ad da Collip kuma ya ce ba zai faɗi yadda ya tsabtace maganin ba tukuna, Banting ya tasam masa da faɗa a ɗakin aiki, sai da Best ya shiga tsakani. Banting mutum ne mai zafin zuciya, mai riƙo, gabarsa da Macleod kuwa bai sake ta ba har ƙarshe. Waɗanda suka bi takardun daga baya sun nuna bai yi wa Macleod adalci ba, gama shawarwarinsa suna cikin abin da ya sa aikin ya yi kyau. A nan hannu ɗaya bai ɗauki jinka ba. Akwai ma wani masani a ƙasar Romaniya, Nicolae Paulescu, wanda ya sauke sukarin karnuka da irin wannan ruwa ya buga labarin a 1921, sai dai nasa bai kai ga amfani a jikin mutum ba.

Ana cikin haka sai wata masifa. Da aka so a yi maganin da yawa, sai ya ƙi fitowa, har Collip kansa ya kāsa. Wajen wata biyu babu insulin sosai, wata yarinya da aka fara yi wa allura ta koma suma ta mutu. Sai a watan Mayu aka sāke gano hanya. A watan nan ne Macleod ya yi shelar maganin a taron likitoci a Washington, ya kira shi insulin, daga kalmar Latin mai ma'anar tsibiri. Jami'a ta haɗa kai da kamfanin Eli Lilly na Amurka, aka shiga yinsa da yawa daga fankiriyas na shanu da aladu.

Labari ya bazu, wasiƙu suka yi ta zuwa Toronto, iyaye suka riƙa ɗauko 'ya'yansu a kafaɗa suna zuwa ƙofar Banting, shi kuwa ba shi da isasshen da zai ba su duka. Cikin waɗanda ya karɓa akwai Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin waje na Amurka. Ta yi shekara uku a kan abincin yunwa na Allen. Ta iso a Agusta 1922, tana gab da cika shekara 15, nauyinta laba 45, da ƙyar ta ke tafiya. Banting ya fara mata allura, ya ce a ba ta abinci ta ci. Kafin ƙarshen shekara ta koma gida da ƙafarta. Ta yi karatu, ta yi aure, ta haifi 'ya'ya uku, ta rasu a 1981 tana da shekara 73. An ƙiyasta allurar da ta sha ta kai wajen 42,000.

Mai karatu ya tsaya a kan adadin nan, gama a nan ne maganar ta ke. Insulin ba ya warkar da ciwon sukari, Banting da kansa ya sha faɗin haka. Abin da ya yi shi ne ya mai da ciwon da ke kashewa cikin shekara guda ya zama ciwon da a ke zama da shi har tsufa, zaman kuwa aiki ne na kullum. Uwa ta koyi tafasa allura, da auna abinci a kan sikeli, da gwada fitsari. Ta kuma koyi gane alamar insulin ya yi yawa, watau rawar jiki da gumi da ruɗewa, ta san a sa'an nan sukari ne magani, a ba shi nan da nan. Da masu ciwon suka fara daɗewa sai aka ga wata ɓarna da ba a cika gani ba dā, domin ba sa kaiwa: sukari in ya daɗe yana hawa ya kan lalata ido da ƙoda da zuciya, ya kashe jijiyoyin ƙafa, har ɗan ƙaramin miki ya zama sanadin yanke ƙafa. Sai aka bukaci asibitoci na musamman, da masu jiyya masu koyarwa, da masu duba ido da ƙafa. Ga kuma masu ba da aiki da ke gudun ɗaukar mai ciwon. Saboda irin wannan ne wani likita a Landan ta Ingila, R. D. Lawrence, wanda insulin ya tsamo shi daga bakin kabari a 1923, ya haɗa kai da marubucin nan H. G. Wells, shi ma mai ciwon, suka kafa ƙungiyar masu ciwon sukari a 1934, domin talaka ma ya sami magani da koyarwa.

An kuma gane ciwon iri biyu ne manya. Na farko shi ne irin na Leonard da Elizabeth, inda tsibiran suka mutu, ya fi kama yara da matasa, ba kuwa shan sukari ke kawo shi ba. Mai wannan ba shi da rai sai da insulin. Na biyu ya fi kama manya, jiki yana yin insulin amma ba ya jin maganarsa sosai, gādo da ƙiba da rashin motsa jiki suna da hannu a ciki. Fiye da tara cikin goma na masu ciwon wannan ne gare su. Ya kan shigo a hankali, mutum ya yi shekaru bai sani ba. Akan riƙe shi da gyaran abinci da motsa jiki da ƙwayoyi, waɗansu kuma daga baya sai an haɗa musu da allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sukari a duniya sun tashi daga wajen miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, hauhawar kuwa ta fi sauri a ƙasashen da ba su da wadata.

Banting ya hango maganar kuɗi tun da wuri. Da aka zo rubuta takardar mallakar maganin, da farko ya ƙi a sa sunansa, a ganinsa bai dace likita ya mallaki abin ceton rai ba. A Janairu 1923 shi da Best da Collip suka miƙa wa Jami'ar Toronto mallakar a kan dala ɗaya ɗaya, domin kada wani ya kame maganin ya tsawwala. Da sun so da sun zama manyan attajirai. Amma abin da suka yi gudu bai ƙare ba. Tun 1982 an iya yin insulin irin na mutum ba tare da dabba ba, duk da haka a 2021, shekara ɗari bayan aikin Toronto, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari kamfanoni uku ne ke riƙe da fiye da kashi 90 cikin ɗari na cinikinsa, kuma wajen rabin masu ciwo iri na biyu da ke bukatarsa ba sa samu. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai ƙarin wahala, gama insulin ba ya son rana, inda babu firji kuwa mutane kan ajiye shi cikin tukunyar ƙasa mai sanyi.

Mu koma wajen Banting. A Oktoba 1923 aka ba shi kyautar Nobel, bai ko cika shekara 32 ba, amma tare da Macleod aka ba su, aka bar Best. Ya husata ƙwarai har ya so ya ƙi karɓa. Da aka lallashe shi sai ya raba rabonsa biyu ya ba Best rabi, Macleod shi ma ya raba nasa da Collip. Majalisar Kanada ta yanka masa dala 7,500 kowace shekara muddin ransa, jami'a ta ba shi sashen bincike, a 1934 Sarki George na Biyar ya ba shi sarautar Sir.

Girman nan bai kawo masa kwanciyar rai ba. Mutane suna jiran ya sāke samo wani babban magani, ya yi shekaru yana bincike a kan ciwon daji da ciwon huhu na masu haƙar ma'adinai, bai sāke yin irin na farko ba, shi ma ya sani. Aurensa na fari, wanda aka ɗaura a 1924, ya mutu a 1932 da tonon silili a jaridu, suna da ɗa guda. Ya sāke aure a 1939. Inda ya ke samun hutu shi ne zane. Ya kan bi abokinsa A. Y. Jackson, shahararren mai zane, su shiga ƙauyuka cikin ƙanƙara suna zana duwatsu da gidaje. A 1927 suka tafi can arewa mai nisa cikin jirgin ruwa, ya ga yadda mutanen wurin, Inuit, ke fama da cuta da ƙarancin abinci, ya komo ya faɗi laifin 'yan cinikin fatu a fili, maganar ta jawo masa surutu. Ga ƙananan ma'aikatansa kuwa an shaide shi da kirki, ba ya sa sunansa a kan aikin da ba shi ya yi ba.

Da yaƙin Hitila ya tashi a 1939 ya sāke sa kayan soja. Ya shugabanci bincike a kan lafiyar matuƙan jiragen sama, waɗanda kan suma in jirgi ya yi juyi da sauri. Har iskar guba ya gwada a ƙafarsa don ya ga yadda za a yi maganin ƙunarta. A Fabrairu 1941 ya shiga wani jirgin yaƙi za shi Ingila. Suka tashi daga Gander a tsibirin Newfoundland ran 20 ga wata da dare, ba su yi nisa ba injunan suka mutu, jirgi ya juyo ya fāɗi a jeji kusa da Musgrave Harbour. Mutum biyu suka mutu nan take. Matuƙin ya tsira, ya ɗaure wa Banting raunukansa, da gari ya waye ya fita neman taimako cikin ƙanƙara. Kafin ya komo Banting ya cika, ran 21 ga Fabrairu, yana da shekara 49. Aka kai gawarsa Toronto aka binne.

An mai da ranar haihuwarsa, 14 ga Nuwamba, ranar ciwon sukari ta duniya. Gidan nan na Landan ta Ontario, inda ya zauna kwana 28 ba mai sallama, yanzu gidan tarihi ne. A gefensa akwai wata wuta wadda uwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta kunna a 1989, da sharaɗin ba za a kashe ta ba sai ran da aka sami maganin da ke warkar da ciwon ɗungum, waɗanda suka samo shi kuwa su za a kira su kashe ta.